Shin "Hobson's choice" daidai yake da "gaba kura, baya sayaki"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na ci karo da maganar Turawa "Hobson's choice" a wata jarida, aka fassara mini ita da "gaba kura, baya sayaki", amma hankalina bai kwanta da fassarar ba. Malamai, a warware mini.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Wanda ya fassara maka ya kauce hanya. Maganar ta samo asali ne daga Thomas Hobson, mai dakon wasiƙu tsakanin Kambirij da Landan, wanda ya rasu a 1631, kuma yana ba da hayar dawaki, galibi ga ɗaliban jami'a. Da ya lura kowa ingarman da ya fi gudu yake nema, har wahala tana neman kassara shi, sai ya kafa doka cewa dokin da ke bakin ƙofa shi ne naka, in bai yi maka ba ka taka da ƙafarka. Kura da sayaki masifa biyu ce, amma a bargar Hobson doki ɗaya tak ake nuna maka.

Wata Hajiya: Malam, ashe ba "zaɓen tumun dare" ke nan ba?

Malamin Turanci: A'a, Hajiya. Mai zaɓen tumun dare tumu yana jibge a gabansa, duhu ne kawai ya hana shi gane mai ƙwaya, sai gari ya waye ya ciji yatsa. Shi wannan an ba shi zaɓi ya ɓata. Wanda ya je bargar Hobson kuwa sunan zaɓi kaɗai aka ba shi.

Wata Hajiya: To, ni dai a ganina "dole ƙanwar na ƙi" ta fi kusa, domin ɗalibin da tafiya ta kama shi ba zai iya cewa ya fasa ba.

Tsohon direba: Hajiya, ki yi mini aikin gafara, ban yarda ba. Na yi shekaru ina lodi a tasha, kuma dokar Hobson ce muke bi ba tare da mun san sunansa ba. Fasinja zai zo ya hango sabuwar mota a baya, ya ce ita yake so, ɗan kamasho ya nuna masa wadda ke kan layi, ko da ƙofarta da igiya aka ɗaure. Ba wanda ya taɓa tura shi ciki da ƙarfi. Na sha ganin wanda ya ƙi, ya zauna a benci da jakarsa tun hantsi har la'asar, yana jiran layi ya zo kan sabuwar.