Jirgi ya kammala, wa zai sauke mana shi cikin ruwa?

Baban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Hayar gida a Landan ta ishe ni, shi ya sa na sa aka ƙera mini jirgin zama na kanal, irin mai faɗin nan: tsawo ƙafa 60, faɗi ƙafa 12. Maƙerin yana arewa, wajen Libaful, ya ce nauyinsa zai kai tan 32. Yanzu saura a ɗoro shi a tirela a sauke shi a kanal ɗin Grand Union. Garejin jirage bakwai na kira. Huɗu sun ce ƙugiyarsu ta siraran jirage ce, biyu sun ce tirela ba za ta iya juyawa a ƙofarsu ba, ɗaya kuma tun da na ambaci ƙafa 12 bai ƙara ɗaga wayata ba. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Ni aikin gini nake yi, kullum ina tare da masu ƙugiya. Kada lambar da ke jikinta ta ruɗe ka. In an ce ƙugiya mai tan 100, a gindinta take ɗaga tan 100. Da ta miƙa hannu, ƙarfin ya fara zubewa, kafin mita goma sha wani abu sai ka ga tan 32 ɗinka ya gagare ta. Don haka in ka kira gareji, tambayar farko ita ce: mita nawa ne daga inda ƙugiya za ta kafa ƙafafunta zuwa tsakiyar inda jirgin zai sauka?

Sannan haya iri biyu ce a Ingila. Akwai wadda za a ba ka ƙugiya da direba kawai, tsarin ɗagawa da inshora duk a wuyanka. Akwai kuma ta kwangila, su zo su duba wurin, su rubuta tsari, su ɗauki alhakin. Ta biyun ta fi tsada sosai, amma ita zan ce ka ɗauka. Jirgin nan shi ne gidanka.

Maman Sadiq: Malam, ka ji maganar Injiniya, ka ƙara da ta ƙasa. Namu ƙafa 57 ne, faɗi ƙafa 10, a kanal ɗin Kennet and Avon muka sauke shi. Mai garejin farko ya rantse mana a waya cewa filinsa dutse ne. An kwana uku ana ruwa. Ranar da aka sa, tirela ta iso tun da asuba, ƙugiya ta biyo baya. Direban ya sauko, ya shimfiɗa farantan nan da ake sa wa ƙafafun, ya saki ƙafa ɗaya a hankali. Ina tsaye da Sadiq a goye, muna kallon farantin yana nutsewa cikin tsakuwa, ruwa yana ɓuɓɓugowa ta gefensa. Mutumin bai ce uffan ba, ya janye ƙafar, ya naɗe kayansa. Kuɗin ƙugiya mun biya, kuɗin kwanan tirela mun biya, jirgi yana sama. Maigida sai da ya yi kwana biyu ba ya cin abincin kirki.

A karo na biyu wurin da ke da injin nan mai tayoyi huɗu muka je, wanda ke rungumar jirgi da bel ya taka da shi zuwa kan ramin ruwa. Minti arba'in an gama. Sai dai ka tambayi faɗin ramin, don ba kowanne ke cin ƙafa 12 ba.

Kawu Sale: Yaro, kafin ƙugiya, ka yanke shawarar inda za ka zauna. Siririn jirgi ƙafa 6 ne da inci 10, shi ke ratsa ko'ina. Naka ba zai wuce ƙofofin ruwa (inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi a kanal) na Foxton guda 10 ba, haka na Watford guda 7, ina nufin Watford ta Northamptonshire, ba ta kusa da Landan ba. Su ne suka raba kudu da arewa ga masu faɗin jirgi. In aka sauke ka a kanal ɗin Leeds and Liverpool don kusa ne da maƙerinka kuma ya fi araha, to ka zama ɗan arewa, sai dai a sake ɗaga ka. A Grand Union ɗin ma, ramukan da kanal ke bi ta ƙarƙashin tudu a Blisworth da Braunston sai ka nemi lokaci wurin Canal & River Trust, masu kula da kanal, kafin su bar mai faɗi ya shiga. Ka kuma duba jerin gyare-gyarensu na hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris sukan rufe wasu ƙofofin, kar a sauke ka tsakanin biyu da ke rufe.

Ɗan Yauri: Ikon Allah! Mu a gida majiya ƙarfi ake tarawa a tura jirgi cikin Kwara, a ci goro a watse. A nan sai da takarda.

To ga nawa. Da jirgina ya taɓa ruwa, murna ta sa na ce wa direba ya saki bel. Wani dattijo Bature da ke aiki a wurin ya hana. Ya ce in shiga da tocila tukuna. Na ɗaga murfin ɗakin inji, sai ga ruwa yana tsiyaya ta inda sandar farfela ta fita. Goro biyu aka ɗaure, aka tura giris, ya tsaya. Da an saki bel ƙugiya ta tafi, ban san yadda za a kwana ba. Ka duba murfin da ke kan farfela shi ma, a tabbatar an ɗaure shi tamau.

Injiniya: Na manta: ƙafa 12 kusan mita 3.7 ne. Duk kayan da ya wuce mita 2.9 sai an sanar da 'yan sanda tun da kwana biyu na aiki. Mai tirela ne ke yin wannan, amma in iska ta sa aka ɗage ranar, ka tambaye shi ko sanarwar tana nan.

Maman Sadiq: Kuma lasisi da inshora su kasance a hannu kafin ranar. Wani garejin ba ya taɓa jirgi sai ya ga takardar inshora.

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri. Jiya na ɗauki hutu na je garejin na takwas da kaina, da tef a aljihu. Daga daɓen siminti zuwa tsakiyar ruwa mita 9 ne. Na tura wa kamfanin ƙugiya hotuna da awon, sun ce mutuminsu zai zo ya duba ranar Talata. Sun kuma ce maganar "zai kai tan 32" ba ta ishe su ba, suna son nauyin a rubuce. Na kira maƙerin, ya ce bari ya duba ko ya lissafa bulullukan da ya jera a ƙasan jirgin don daidaita shi a ruwa.