Yaron nan mai ƙafar hagu da ake cewa Kano Pillars su ɗauka: wa ya gan shi da idonsa?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan'uwa Masu Gida. Na san yawancinku bidiyon nan ya iso wayarku, yaron da ke buga lamba 7, wato gaba ta gefen dama, amma da ƙafar hagu, wanda ya yanke mutum uku ya ɗaɗa ta a kusurwa. Tun ranar kowa sai cewa yake Pillars su yi maza su sa masa hannu kafin a rufe kasuwar 'yan wasa. To bidiyon ko minti biyu bai kai ba, kuma wanda ya haɗa shi abin da yake so mu gani kawai ya zaɓo. Don Allah duk wanda ya kalli yaron nan a fili, wasa cikakke daga farko har lafari ya tashi, ya faɗa mana abin da ya gani. Kar a sa sunansa ko na unguwarsu, yaro ne ƙarami kuma iyayensa ba su ce a tallata shi ba.

Mai Shayin Ƙofar Na'isa:
Wa alaikumus salam. Ni dai a filin Mahaha nake ganinsa in sun zo wasa, tunda nan kusa nake da teburina. Gudu kam akwai, wallahi in ya tura ƙwallo gaba ya bi ta sai ka ga kamar mai tsaron bayan a tsaye yake. Kuma baya jin tsoron mutum, ko ƙato ne zai tunkare shi. Amma abin da bidiyo bai nuna ba shine daga an dawo hutun rabin lokaci da kamar minti goma sha biyar yaron ya ƙare, sai ya riƙe ƙugu, in aka ƙwace ƙwallo baya dawowa ya taimaki lamba biyunsu, a wasan ƙarshe da na kalla duk ƙwallayen da aka ci su ta gefensa aka shigo.

Lamba Uku:
Ni na yi makinsa, ba labari aka bani ba. Mun haɗu da su a wasan sada zumunta kafin azumi, filin ƙasa ne ba na roba ba. Gaskiya rabin farko na sha wuya, yana da wani abu da yake yi, ya ɗan tsaya cak kamar zai bada fasin baya, kana sakin jiki ya wuce. Amma da aka tafi hutu kocinmu ya ce min ka lura duk yankan da yake maka ciki yake shiga don ya ɗora ta a hagu, ka rufe masa ciki ka bar masa layi. Haka na yi kuma daga nan sai wasansa ya mutu, in ya bi layi da ƙafar dama kuros ɗinsa ko bayan raga ko hannun gola. To in kocin unguwa ya gano wannan a minti 45 ina ga 'yan bayan Enyimba ko Rangers. Abu ɗaya da zan yaba masa har ga Allah, na taka shi sosai, ba da gangan ba, ya tashi ya kaɗe jikinsa bai ce min uffan ba bai yi wa lafari ihu ba, ƙwallo ta gaba ma ni ya sake tunkara. Irin wannan zuciyar ba kowane yaro ke da ita ba.

Baba Tun 1990:
'Ya'yana ku bari in sa baki. Tun shekarar da aka kafa Pillars nake shiga fili, na ga mun ɗauki lig ɗin 2008, na ga uku a jere 2012, 2013 da 2014, ina raye aka fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka a 2009, na je Kaduna a 2019 ranar da muka ɗauki kofin Aiteo a hannun Niger Tornadoes da bugun fenariti. Ba alfahari nake ba, ina so ku san yara nawa na gani an ɗaga su sama.

Duk wanda ya turo min bidiyon nan sai ya rubuta sabon Ahmed Musa. To ni na ga Ahmed Musa lokacin da ya zo Kano, kuma abin da kuke mantawa shine ba daga filin unguwa ya faɗo filinmu na Sani Abacha kai tsaye ba. Ya fito daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, ya je ƙungiyar JUTH ta Jos ya buga lig da manya, ya sha duka ya san yadda ake faɗuwa a tashi, sannan ya zo mana ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa cin haka a kaka ɗaya. Ko tafiyarsa VVV Venlo ta ƙasar Holan sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010. Daga nan CSKA Moscow, daga nan Leicester. Mataki mataki ne.

Na je na kalli wannan yaron saboda jikana ya matsa min. Yana da baiwa, ban musa ba, taɓa ƙwallonsa ta farko mai kyau ce. Amma ban ga yana ɗaga kai ba. Sau da yawa lamba taransu na tsaye shi kaɗai yana ɗaga hannu, shi kuma yana neman mutum na huɗu da zai yanka saboda 'yan kallo na ihu. Ku je ku kalli namu Rabi'u Ali da ake ce wa Pele, kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda za ta, shi ya sa ya haura arba'in yana taka leda. Shawarata a kai shi Junior Pillars, ƙungiyarmu ta matasa, ya yi kaka guda, a riƙa ɗauko shi yana tirenin da manya.

Sai Masu Gida Har Abada:
Baba Allah ya ƙara girma, amma ni ban yarda da jira ba. Jiran nan ne yake sa kullum yaranmu sai dai mu gan su a talabijin sanye da rigar wasu. Umar Sadiq ɗan Kaduna ne, wa ya gan shi a lig ɗinmu? Sai ji muka yi yana Italiya, Roma, daga baya Almeria da Real Sociedad. Na kalli yaron nan a gasar unguwanni da aka yi da hutun makaranta, ranar wasan kusa da na ƙarshe ana cin su ɗaya da nema ya karɓi ƙwallo daga tsakiyar fili shi kaɗai ya farke, mutane har kan katanga. Yaron da zai iya haka a gaban wannan taron ba zai ji tsoron Sani Abacha ba. A ɗauke shi yanzu ko minti ashirin ashirin ne a riƙa ba shi, tun 2022 da muka faɗa gajiyayyu ai mun ga abin da dogaro da tsofaffi kaɗai ke jawowa.

Koci Na Yara:
Ɗan'uwa Sani Abacha ba shine matsalar ba, a gida kowa jarumi ne, dubban mutane na bayanka. Lig ɗinmu ƙungiya 20 ne, wasa 38, rabi a waje. Ka ɗauki yaro ka sa shi a bas daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal ko Ikenne, ya kwana a zaune, ƙafa ta kumbura, abincin da ya saba babu, ya shiga fili babu mai kiran sunansa sai masu zagi, ga ɗan baya mai shekara talatin wanda albashinsa da abincin iyalinsa ya dogara da kar yaron nan ya wuce shi. Nan ake gane ɗan wasa.

Na daɗe ina horar da yara kuma wannan yaron ya taɓa zuwa mana tirenin na ɗan lokaci, don haka na san jikinsa. Gajiyar da mai shayi ya faɗa gaskiya ce, amma ba lalaci bane, ci ne. Yaro zai zo atisayen safe da koko kawai a cikinsa, ya wuce makaranta, da yamma ya sake buga wata ƙwallon a unguwa saboda an yi masa alƙawarin ɗan kuɗin mota. Jikin da bai gama girma ba kana ɗora masa wannan, gwiwa ce ke fara tafiya. Na ga yara da suka fi shi iya ƙwallo yanzu suna tuƙa adaidaita saboda jijiyar gwiwa ta tsinke babu kuɗin aiki. In kulob zai ɗauke shi to ya ɗauke shi da cinsa da likitansa, a hana shi ƙwallon unguwa, a tilasta masa amfani da ƙafar dama kullum bayan an tashi tirenin. Wata shida na haka za ku ga wani yaron daban.

Sai maganar shekaru wadda kowa ke kaucewa. Ni ban ce komai a kan nasa ba, takardar haihuwarsa ta asibiti na gani kuma ta yi daidai da ajin da yake. Roƙona kar wani ya zo ya ce a rage masa, tun 2009 da aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a nan Najeriya ake ɗaukar hoton MRI na wuyan hannu don gane shekaru, ƙashi baya ƙarya.

Ɗan Maraɗi:
Koci ka tuna min 2016, Najeriya na riƙe da kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 na 2015 wanda Osimhen ya ci 10, aka zo gwajin MRI yara 26 suka faɗi ana gab da wasa da mu Nijar, muka fitar da ku a Yamai. Ni Pillars nake bi tun ina zuwa Kantin Kwari sarin kaya. Ban ga yaronku ba amma abin da zan faɗa ya shafe shi. Ɗan yayana haka aka yi ta yaɗa bidiyonsa, wani ejan ya zo gida da mota mai kyau da hotunansa da Turawa, ya ce akwai gwaji a waje, aka sayar da gona aka ba shi kuɗin biza da jirgi. Yaron ya ƙare a wata ƙasa ta arewacin Afirka a ɗaki ɗaya da yara da yawa, ba kulob ba gwaji, sai karo-karo muka yi ya dawo. Daga baya muka san dokar FIFA ta hana kai yaro ɗan ƙasa da 18 wata ƙasa ya sa hannu, sai a wasu 'yan yanayi kaɗan, har Spezia ta Italiya an hukunta ta a 2021 a kan yaran Najeriya. Duk ejan da ya ce ku kawo kuɗi ku rufe masa ƙofa. Shi ya sa ni na fi son ya shiga hannun kulob na gida da aka san ofishinsa.

Bakano A Amurka:
Nan inda nake tsarin daban ne, a ƙwallonsu ta NFL duk watan Afrilu ƙungiyoyi 32 ke zama su zaɓi matasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Abokan aikina wata da watanni suna musu a kan yaro ɗaya. Abin da ya burge ni shine ba sa yarda da guntun bidiyo, wasanninsa cikakku suke nema, har da ranar da bai taɓuka komai ba, a auna gudunsa a duba tarihin rauninsa a tambayi malamansa halinsa. Don Allah wani ya ɗauko mana wasan yaron nan guda ɗaya cikakke ko da waya ce, ni zan sa data.

Anti Mai Ɗinki:
Tunda an zo kan hali bari in faɗi nawa. Mahaifiyarsa ƙawata ce, a gabana ya girma. Yaro ne mai jin magana, in an aike shi yana zuwa, ban taɓa jin an kama shi da shaye-shaye ba kuma kun san yadda unguwanni suke yanzu. Amma tun da bidiyon nan ya fita gidan ba hutu, kullum da mai sallama, wannan ya ce shi manaja ne wancan ya ce shi ya gano shi, abokai sun ƙaru, ya fara dawowa gida bayan isha'i wanda da baya yi. Yana ajin ƙarshe na sakandare, jarabawar WAEC na gabansa, uwar kuka take min tana cewa ita dai ya gama. Ku masu cewa sabon wane sabon wane, yana karanta duk abin da kuke rubutawa fa, ku sassauta.

Sai Masu Gida Har Abada:
Anti na ji kuma na karɓa, ya gama jarabawarsa. Amma ko Junior Pillars ɗin ne a rubuta takarda yanzu da sa hannun mahaifinsa, a kuma rubuta sunan ƙungiyar unguwar da ta raine shi, saboda in Allah ya ɗaga shi aka sayar da shi waje akwai kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da FIFA ta ce a raba wa waɗanda suka horar da ɗan wasa tun yana shekara 12. Kocinsu na unguwa da aljihunsa yake saya musu ƙwallo da ruwa, kar a zo a manta da shi.

Lamba Uku:
Ɗan Fagge, Asabar mai zuwa da la'asar za mu sake haɗuwa da su, kuma na ji kocinsu ya fara sa shi a lamba 11, gefen hagu, a tirenin don ya daina shiga ciki kullum, in haka ne ba ni zan riƙe shi ba, lamba biyunmu ne, shi kuma ya fi ni jiki sosai. Duk mai son zuwa ya min magana ta akwati in faɗa masa filin. Yaya na Amurka, ƙanina zai ɗauka da waya daga farko har ƙarshe in sha Allah, sai dai a nemo mana fawa banki don cajinsa baya kai minti 90.