Shin lissafin wata ya rage na azumi da sallah kaɗai?

Lawali: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Lissafin watan Musulunci ya fita daga harkokinmu na yau da kullum, sai azumi da sallah biyu. Jiya a layinmu na babbar kasuwa na tambayi mutum bakwai yau nawa ga wata, kowa ya ba ni na bature. Da na ce na Musulunci nake nufi, mutum ɗaya ya amsa, shi ma sai da ya duba waya. Albashi, haya, kuɗin wuta, lakwal ɗin yara, duk da watan bature ne. Abin yana damuna, amma gaskiya ce.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Lawali ɗana, maza ka tambaya, shi ya sa. Shigo cikin gida ka gani. Mai gidana, Allah ya jiƙan shi, ya rasu 9 ga Safar. Wata huɗu da kwana goma na takaba da me zan ƙirga su? Duk watan da ya kai tara sai in jefa ƙwallon dabino a gwangwani. Da sunka cika huɗu na ƙara kwana goma, na fita 19 ga Jimada Sani. Har gobe tsofaffin unguwar Bagalam, nan Maradi, na azumin 13, 14 da 15 ga wata, kuma ba kalanda suke dubawa ba, farin wata suke kallo a tsakar gida.

Lawali: Allah ya gafarta mishi, Hajiya. Amma wannan ai ibada ce. Ni harkar duniya nake nufi.

Nana Mariyama: Yaya Lawali, idan aka ce maka a zo daren Juma'a, yaushe kake zuwa? Ran Alhamis bayan magariba. Wannan lissafin wata ne, inda dare ke riga yini. Kana aiki da shi ba ka lura ba. Ga Azumi, ga Labaran, ga Sallau, sunansu ma ya faɗi lokacin da aka haife su. Kuma kai da kanka, yaushe kake cika shago da shadda da atamfa? Ba tun Sha'aban ba?

Ila: Ni manomi ne daga wajen Madarumfa, kuma a nan ina bayan Lawali. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da kwana 11 ko kusa, ba ta tsayawa wuri guda. A 2011 cikin Agusta munka yi azumi, muna noma da ƙishirwa. A 2025 ya dawo Maris, ga zafi ba ko ɗigon ruwa. Wa zai ce zai yi shuka a Rajab kowace shekara? Ruwa da hadari muke bi.

Malam Sanusi: Ila ya faɗi gaskiya, kuma shari'a ba ta ce ya yi shuka da wata ba. Zakkar hatsi ma ranar girbi take hawa, dami ɗaya cikin goma ga gonar damina. Amma Lawali, ɗan tsaya, maganar duniya da ka yi ce ta kai mu kan dukiya. Yaushe kake fidda zakkar shago?

Lawali: Ƙarshen Disamba, Allah gafarta Malam, idan na gama ƙidayar kaya.

Malam Sanusi: To nan ne gizo ke saƙa. Shekarar zakka ta wata ce. Kowace shekara kana jinkirta haƙƙin talakawa da kwana 11. A ido kaɗan ne, amma shekara 33 ta rana daidai take da kusan 34 ta wata, ka ga zakkar shekara guda cur ta faɗi ba a fidda ba. Tun zamanin Sayyidina Umar aka tsayar da wannan ƙidaya daga Hijira, kuma abin da ya kawo ta shi ne takardun mulki da na bashi, harkar duniya ke nan.

Abdu: Gafarta Malam, akwai malaman zamani da suka ba da mafita ga mai rufe littafi da shekarar rana: maimakon kashi 2.5 cikin ɗari ya fidda 2.577. A miliyan ɗaya ta sefa, jika 25 za ta koma jika 25 da dala 154. Kwanakin nan 11 sun biyu ke nan.

Malam Sanusi: Na san fatawar, ban kuma ce ɓata ce ba. An yi ta ne don kamfanoni masu wahalar sake ƙidaya. Mai shago ɗaya a Maradi me zai hana shi zaɓar rana a Sha'aban ko Muharram ya rubuta a bangon littafinsa?

Lawali: Na karɓi maganar zakka, kuma ta tsorata ni, don shekara 12 ke nan ina yin haka. Amma har yanzu ina kan bakana. Idan ɗan kasuwa mai salla biyar bai san wannan ba sai yau, ai maganata ce ta tabbata. Yarana uku ba mai iya jero watannin goma sha biyu.

Hajiya Rabi: Turo min su ran Alhamis da la'asar. Da cika-ciki za mu fara, har mu kai watan layya.

Lawali: Za su zo, Hajiya. Malam, na shekarun baya fa, yaya zan yi da kwanakin da suka taru?

Malam Sanusi: Kwana 11 sau 12, kwana 132 ke nan, wata huɗu da rabi ko kusa. Kawo littafin shagon gobe bayan azahar mu zauna a kai.