Neman kalma: katangar dutse da ƙofofin gidan Petworth na Ingila

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara shirin rediyo kan gidan Petworth, wani katafaren tsohon gida da ke yankin Sussex, jibi zan miƙa. Ginin dutse mai tsawon mil 14 ya kewaye filinsa, barewa na kiwo a ciki. A bakin ƙofofin akwai ƙananan gidaje na masu tsaro. Na rubuta "ganuwa", amma raina bai kwanta ba.

Bazazzagiya: Katanga kawai, 'yar'uwa. Gidan ƙofar kuma zaure.

Tsohon Malami: Zaure ratsa shi ake yi a shiga gida. Wannan a gefe yake, a da mutum da iyalinsa ke kwana ciki, ya fito ya buɗe wa keken doki. Ganuwa kuwa kada ki kuskura, 'yata. Ganuwa ta birni ce. Tun zamanin Gijimasu aka fara ta Kano don ta tsare jama'a daga yaƙi. A ba wa abin tsare barewa sunanta? Ni na ce "kewayau".

Ɗan Kabi: Malam, ai ta Kano ƙasa ce. In dutse ake magana, Kanta ya gina Surame da dutse a ƙarni na 16, ganuwa muke ce mata har gobe.

Tsohon Malami: Surame birni ce, ɗana. Ka ƙara mini hujja. Kuma ita kufai ce yau, Kano na nan.

Ɗan Kabi: Na ga wuraren da aka yanka badala aka yi shaguna, raina ya ɓaci. Su can Petworth har yau in dutse ya zube sai sun mayar.

Bazazzagiya: Don Allah ku bari, baiwar Allah na da aiki. Malam, kewayau kusa take da "kewaye", mai sauraro banɗaki zai ji. Filin ai gandu ne, kamar gandun sarki. A ce katangar gandu.

Tsohon Malami: Gandu noma ake yi a cikinsa. Amma ya fi ganuwa. Kewayau dai ban janye ba.

Mai Fassara: Na gode, Baba. Na ɗauki "katangar gandu" da "gidan mai tsaron ƙofa". Saura ɗaya: katangar da ake ginawa cikin rami, daga tagar gida ba a ganinta, amma dabba ba ta iya haurowa. Su "ha-ha" suke ce mata.

Bazazzagiya: Gwalalo?

Tsohon Malami: Gwalalo ma na birni ne.