Neman kalmar Hausa: me za mu kira fly-tipping?

Mai Fassara: Salam jama'a, don Allah a taimaka, ƙarfe 4 zan miƙa rahoto kan yadda ƙananan hukumomin Ingila ke hukunta masu zubar da shara. Matsalar kalma biyu ce, litter da fly-tipping, kuma dokarsu ta raba su, tun 2023 tarar na farko kan kai fam 500, na biyu fam 1,000, har mota suna iya kwacewa. In na ce zubar da shara duka biyun mai sauraro zai rikice.

Uwar Biyu: Na farko ai yar da shara ne, kamar ka sha ruwan leda ka yar a titi. Na biyun kuma jibgewa ce, mutum ya ciko mota da tsohuwar katifa da firij da ɓaraguzan gini ya sauke a gefen hanya ko gonar wani ya gudu

Ɗan Birni: zubar da shara barkatai, shikenan

Mai Fassara: Yaya, barkatai ɗin ta fi kama da na farko ai

Malamin Nahawu: Ni dai na ce JIBGEN SATA. Kamar yadda muke cewa satar hanya, satar kallo, abin da aka yi a ɓoye. Fly ɗin nan ba ƙuda ba ne ba tashi sama ba, yi-ka-gudu ake nufi.

Ɗan Birni: Malam wanda ya ji jibgen sata zai ɗauka kayan sata aka tara. A ce sabuwar bola kawai ko bolar dare

Bamaraɗe: Ku Kanawa komai bola! Mu jibji muka tashi muka ji, ku kuka mai da shi juji, yanzu ma kun yar da shi, sannan a ce Hausarku ce daidaitacciya

Ɗan Birni: to wa ya hana ku rubutawa? kullum ƙorafi

Malamin Nahawu: Jibji ma ai yana goyon bayana, ku saurari sautin, jibji, jibge. Wallahi abin yana min ciwo, harshe mai duba-gari tun zamanin Turawa a ce ya rasa sunan laifin da duba-garin ke kamawa.

Uwar Biyu: Bola da juji wuri ne fa, ita aikin take nema. Kuma ba da dare kaɗai ake yi ba. Can Ingila ko kai ka ba wa mai mota mara lasisi sharar gidanka ya je ya jibge, kai ma tara za ta hau kanka, har fam 600.

Mai Fassara: Na gode Anti, wannan ma zan saka. Lokaci ya tafi, zan rubuta yar da shara, sai jibge shara ba bisa ƙa'ida ba a farko, daga baya jibge shara kawai.

Malamin Nahawu: Ya yi tsawo, wannan bayani ne ba suna ba. Amma tunda jibge na ciki, to, a je a haka yau

Bamaraɗe: ni ban yarda an gama maganar jibji ba