Waye ɗan wasa a fim ɗin nan, Kanar ko mai bargo?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Wlh yau raina a ɓace yake. Jiya na tara 'ya'yan yayata su huɗu da ƙanina, an ɗauke wuta tun la'asar na sayi mai da kuɗina na zuba a inji nace yau zan nuna muku fim na gaske, na kunna musu For a Few Dollars More na 1965 wanda Sergio Leone ya shirya. Ko minti ashirin ba a yi ba ɗaya ya fara latsa waya, ɗaya kuma wai Kawu su waɗannan sai kallon juna suke yaushe za a fara. To kallon junan nan ai shine fim ɗin! Amma wanda ya fi ƙona min rai ƙanina ne, shi ya daure ya kai ƙarshe sannan ya buɗe baki yace Clint Eastwood ne ɗan wasa. Ina! Kanar Mortimer ne ɗan wasa, wato Lee Van Cleef. Da shi aka buɗe fim yana cikin jirgin ƙasa ya ja igiya ya tsayar da jirgi a Tucumcari inda jirgin baya tsayawa, ya sauko da dokinsa ko a jikinsa. Shi ke da dalili, 'yar'uwarsa ce a hoton cikin agogon aljihun nan mai kiɗa, kuma shi ya kashe bos El Indio da hannunsa. Shi kuwa mai bargon, wato Clint Eastwood da ya fito a Manco, mafarauci ne kawai yana bin dala. Wanda bai yarda ba ya fito.

Jikan Sarkin Baka: Wa alaikumus salam. Dakata Ɗan Fagge, me kace? Mafarauci? Dan Allah ka gyara kalamanka. Ni gidan farauta na tashi, mafarauci daji yake shiga da karnuka da layunsa ya samo nama ya ciyar da iyali, har a aika wa maƙwabta. Mutumin da yake harbe ɗan Adam ya ɗora gawa a doki ya kai a ƙirga masa kuɗi ba mafarauci bane, ɗan ina da kisa ne, haka sunansa yake a Hausa.

Ɗan Fagge: Haba yaya ni ba zagin kowa nayi ba, maganar ɗan wasa nake

Jikan Sarkin Baka: Ni kuma maganar sana'ar kakana nake.

Injiniya Zazzau: A'a ɗan ina da kisa ma ba daidai bane. Shi ɗan ina da kisa a ɓoye ake ɗaukarsa haya ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, sannan ya gudu. Waɗannan kuwa hukuma ce take liƙa takarda a bango da hoton mai laifi da farashinsa, a kawo shi a raye ko a mace, kuma ofishin ɗan sanda suke zuwa ƙiri-ƙiri da rana su karɓi kuɗinsu. El Indio kansa dala 10,000 aka sa a kansa. To wanda hukuma ke biya ta yaya zai zama ɗan ina da kisa

Jikan Sarkin Baka: To sai ka nemo masa wani sunan, amma a bar mana namu.

Maman 'Yan Biyu: Ku ce ɗan tukwici mana a huta hhhh

Injiniya Zazzau: Ɗan tukwici kuma Hajiya? Kamar yaron da aka aika ya kai ƙosai

Malam na Tudun Wada: Ba don na shiga zancen fim ba, amma ita wannan mu'amalar ta a ce duk wanda ya kawo kaza yana da kaza malamai sun san ta, a fiƙihu ana kiranta ji'ala, kuma suna kafa hujja da ƙissar Annabi Yusuf alaihis salam inda aka ce wanda ya zo da ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda. Amma wannan akan kayan da suka ɓace ne da makamantansu, zubar da jini kuwa aikin alƙali ne da shugaba, ba na kowane mai bindiga ba.

Ɗan Maraɗi: Malam Allah shi gafarta, ƙissar Annabi kuma cikin hirar kaboyi?

Malam na Tudun Wada: Tambaya aka yi kan suna na ba da abin da na sani. Na yi shiru.

Kawu Admin: Ku yara ne shi yasa. Mu da muka kalli finafinan kaboyi a Plaza da El Dorado da Marhaba, sinima ba rufi kana kallo kana ganin taurari, babu wanda ya taɓa tambayar sana'ar mutum. Ɗan wasa da bos, shikenan. Kuma ɗan wasa shine wanda in ya fito aka ɗau ihu da fito. Mai bargo da guntuwar taba a baki ake wa ihu. Magana ta ƙare.

Ɗan Fagge: Kawu da girmanka amma ihu ba hujja bane. Ai ko Gabbar bos ɗin fim ɗin Indiya Sholay ana masa ihu

Injiniya Zazzau: Ni kalmar kaboyin ma tana min wani iri. Asalinta mai kiwon shanu ne fa. Ku nuna min inda Manco ya kora saniya ko ɗaya a fim ɗin. Abin dariya ma a Rawhide, shirin talabijin ɗin da Eastwood yake yi a Amurka kafin Leone ya ɗauko shi, a nan ne yake bin garken shanu, yana zuwa hannun Italiyawa ya daina kiwo.

Maman 'Yan Biyu: Wai Italiyawa kuma? Ba fim ɗin Amurka bane? Ni tun ina yarinya babanmu yake sa kaset ɗin na ɗauka Texas ce

Injiniya Zazzau: Labarin ne a can Hajiya, bankin da aka fasa ma a El Paso yake. Amma darakta ɗan Italiya, mai kiɗa Ennio Morricone ɗan Italiya, bos Gian Maria Volonté ɗan Italiya, shi kuma mai doron nan da Kanar ya ƙyasta ashana a jikinsa Klaus Kinski ne Bajamushe. Dajin da kike gani hamadar Almeriya ce a kudancin Sifaniya, na cikin ɗaki kuma a Cinecittà a birnin Rum. Sunan fim ɗin na asali ma Per qualche dollaro in più. Shi yasa in kin lura baki da murya basa haɗuwa, kowa yarensa yake yi a wajen ɗauka daga baya a ɗora murya.

Maman 'Yan Biyu: Au ashe su ma fassara suke kamar Indiya-Hausa, to me yasa ake raina mu

Ɗan Maraɗi: Mu nan da Faransanci muka gane shi, kuma na rantse ya fi daɗi da Faransanci. Kuma tunda ana maganar kaboyi ku sani mu Nijar mun yi namu tun 1966, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, saurayi ya dawo gida daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba ma abokanshi suka hau dawaki suka addabi gari. Lokacin ku kuna ina?

Ɗan Fagge: To fa. An zo wajen. Kullum sai ka kawo Nijar ko maganar kifin gwangwani ake

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ce ba ku so. Kawo naku na 1966 in gani.

Kawu Admin: Ɗan Maraɗi a bar wannan, duk abu ɗaya ne, kakata ma daga Tasawa take.

Jikan Sarkin Baka: Ni har yanzu ban ji an janye kalmar ba.

Ɗan Fagge: Yaya to shi mai neman zuma ko mai bin bashi in aka ce yana farautar wani zagi ne? Ba ka jin ana cewa 'yan sanda na farautar wane a labarai? Kullum a rediyo ake faɗa ba ka taɓa kai ƙara ba sai ni

Jikan Sarkin Baka: Farautar wane daban, mafarauci daban. Ɗaya aiki ne ɗaya suna ne da ake gada. Kai ba ka san daji ba shi yasa, ɗan cikin gari ko zomo ba ka taɓa kamawa ba.

Ɗan Fagge: Eh ban taɓa ba, a Rimi nake sayen nama alhamdulillah

Autan Mama: Ni dai ku yi haƙuri duk wannan abin da kuke kurantawa Sholay ya fi shi nesa ba kusa ba. Shima ai hayar mutum biyu Thakur ya yi su kamo masa Gabbar da rai, ga waƙa ga ban dariya ga kuka. Wannan kuma awa biyu ana zare ido ana gumi ƙuda na bin fuska

Injiniya Zazzau: Auta Sholay 1975 ne, wannan 1965. Shekara goma tsakani. Ka je ka kalli wajen da Gabbar ya kashe iyalan Thakur sannan ka kalli Once Upon a Time in the West na Leone na 1968 ka dawo ka faɗa mana wa ya leƙa takardar wani.

Autan Mama: To shi Leonen naku waliyyi ne? Ba kai da bakinka ka taɓa cewa a nan ya kwafi na Japan ba

Injiniya Zazzau: Wancan A Fistful of Dollars ne na 1964, daga Yojimbo na Kurosawa na 1961, kuma an yi shari'a sai da aka ba Japanawa kasonsu. Ban musa ba. Amma wannan da muke magana ba shi bane kar ka haɗa.

Autan Mama: Ɓarawo dai ya saci na ɓarawo kenan

Maman 'Yan Biyu: Ni abin da ban taɓa mantawa ba agogon nan ne wlh. Wajen da El Indio ya sa aka fita da matar mutumin da ya ci amanarsa da ɗan jaririnsu a tsohon cocin nan, aka ji ƙarar bindiga daga waje, sannan ya buɗe agogo yace in kiɗa ya tsaya ka harba. Kiɗan yana ta raguwa a hankali a hankali mutumin hawaye na zuba. Ranar ban yi barci ba, babanmu har faɗa mamanmu ta masa

Ɗan Fagge: Yauwa Hajiya Allah ya biya ki! Ai agogon nan shine hujjata. Guda biyu ne iri ɗaya, ɗaya wajen Kanar ɗaya wajen Indio wanda ya ɗauke daga ɗakin 'yar'uwar Kanar ranar da ya kashe mijinta ya afka mata ita kuma ta harbe kanta. Duk fim ɗin akan wannan yake tafiya. A ƙarshe a filin nan zagayayye bindigar Kanar na ƙasa kiɗan Indio ya kusa ƙarewa, me Manco ya yi? Ya zo da ɗaya agogon ya ba Kanar bindigarsa ya koma gefe ya zauna kamar alƙalin wasa. Ɗan wasa yana zama a benci a wasan ƙarshe?

Kawu Admin: To da bai zo ba fa? Da Kanar ɗinka ya zama gawa. Wanda ya ceci wani shine babba. Kuma ka manta wajen hula, Manco ya dinga harbin hular Kanar tana tsalle a titi cikin dare

Ɗan Fagge: Kawu ƙarasa mana! Sai da hular ta yi nisa harsashinsa ya daina kaiwa, Kanar ya zaro doguwar bindigarsa ya cire masa tashi hular daga ka ya dinga harbinta a sama bata taɓa ƙasa ba. Kuma Kanar ko sisi bai ɗauka ba ya bar masa tukwicin duka ya hau doki ya tafi, shi kuwa naka yana loda gawarwaki a keken doki yana lissafi har dala 27,000 kamar mai awon hatsi a Dawanau

Jikan Sarkin Baka: Ka ji ko. Mai loda gawar mutane yana lissafi shine wai mafarauci. Allah ya isa.

Ɗan Maraɗi: Ni Django na fi so ma, mai jan akwatin gawa.

Autan Mama: Shima Clint ɗin ne ko

Injiniya Zazzau: Franco Nero ne, darakta ma daban, Sergio Corbucci, 1966. Kai Auta kowane bature mai hula Clint ne a wajenka

Autan Mama: Duk kamarsu ɗaya basa wanka

Kawu Admin: To jama'a dare ya yi bari in taƙaita kafin in rufe. Abin da aka cimma: na ɗaya, kusan kowa ya yarda Clint Eastwood ne ɗan wasa tunda shi ya fito a duka ukun, A Fistful of Dollars da wannan har The Good, the Bad and the Ugly na 1966, inda shi Lee Van Cleef ɗin ma mugu ya fito, ka ga kuwa wanda ya zama bos a gaba ba za a kira shi ɗan wasa a baya ba. Na biyu, maganar mafarauci Jikan Sarkin Baka yana da gaskiya a girmama sana'ar mutane, daga yau kaboyi za a ce kamar yadda muka gada a Plaza. Na uku, Auta an yi masa uzuri yaro ne. Ɗan Fagge ya yi ƙoƙari amma bai kawo hujja mai ƙarfi ba, sai dai muna taya shi jimamin man injinsa.

Ɗan Fagge: Kusan kowa su wa Kawu?? Kai kaɗai ne fa ka faɗa, hau sama ka ƙirga

Injiniya Zazzau: Kuma kaboyin ma ban yarda ba nace babu saniya

Kawu Admin: Na rufe, sai da safe.