Sunan Hausa ko na Turanci? Gardamar 'yan gida kan kamfanin Auta

Auta: Salamu alaikum. Manhajar da nake haɗa wa 'yan kasuwar Farin Gada ta kusa kammaluwa, wadda za su riƙa rubuta ciniki da bashi a ciki. Ina so in sa wa kamfanin suna "Ƙididdiga", amma Yaya ya ce sunan Hausa zai hana ni wuce Jos.

Yaya: Ina nan kan bakana. Masu zuba jari suna Legas da ƙasashen waje. Dubi kamfanoninmu na biyan kuɗi ta intanet: Paystack wadda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020, Flutterwave, Interswitch, wanne ke da sunan gida? Kamfanin Kudi ma da ya fara da sunan Hausa, a 2022 ya koma Nomba.

Kawu: A Kenya fa? M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya, ta fito a 2007 da sunan Swahili, ta haye Tanzaniya da wasu ƙasashe, ba wanda ya tare ta.

Goggo: Ku bar zancen Legas tukuna. Auta, wa zai fara biyan ka? Mai tumatur da mai dankali da mai kabeji. A kasuwar nan Birom da Angas da Ibo duk da Hausa muke ciniki. Sunan da zan iya faɗa wa maƙwabciyata ta riƙe shi nan take nake so. Abu ɗaya kawai, ɗana: kada ya nuna addini ko ƙabila. Ka san garinmu.

Yaya: Goggo, wannan na yarda. Amma idan ya girma fa?

Goggo: Allah ya kai mu. Yaro da rarrafe yake farawa.

Kawu: Ni ba Hausar ce damuwata ba, sunan ne. Ya yi tsawo, ga ƙa mai lanƙwasa a farkonsa. A adireshin intanet dole ta koma ka, a allon shago kuma ƙa, ka raba kan masu nemanka. Nemi gajere, marar ƙugiya, irin su "Lissafi" ko "Ciniki".

Yaya: Irin waɗannan da wuya ba a riga shi ba. Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni ba ta yi wa sunan da ya yi kama da na wani rajista.

Auta: To gobe zan bincika su a shafin CAC, in ga kuma ko ba a riga an kama adireshin intanet ɗinsu mai ƙarewa da .ng ba. Goggo, don Allah ki gwada min su a bakin mata biyar a kasuwa.

Goggo: Turo su yanzu, da asuba zan fita.